Ranar Da Alhaji Ya Rusuna A Kapadokiya

In kana neman inda mutumin namu yake bin doka ba musu, kada ka wahalar da kanka zuwa layin banki ko bakin danja ko taron unguwa, can ba za ka same shi ba. Ka nufi tsakiyar ƙasar Turkiyya, yankin da ake kira Kapadokiya, ka tsaya a ƙofar wani otel a garin Goreme da misalin ƙarfe tara na safe. Nan za ka ga abin da ko uwargida ba ta taɓa gani ba: Alhaji a tsaye, ya yi wanka ya karya kumallo, yana duba agogo yana jiran mota. Shi ke jiran mota, ba mota ke jiran sa ba.

Yadda abin yake farawa sananne ne. An je Istanbul sarin kaya, an zaga shagunan Laleli da Osmanbey har ƙafa ta kumbura, an ɗaure dilolin abaya da takalma da labule an miƙa wa 'yan kago, sai aka ga saura kwana biyu jirgi ya tashi. A da, barci ake yi da kwana biyun nan. Yanzu kuwa Hajiya ta riga ta ga hoton matar maƙwabci a sitatus, tana zaune kan darduma bisa soro, balan-balan sun cika sama a bayanta, kuma tun ranar abinci bai ƙara yi mata daɗi ba. Shi kuma Alhaji ya kalli Ertugrul fassarar Hausa daga farko har ƙarshe, don haka a ganinsa tarihin Turkiyya a aljihunsa yake, abin da ya rage kawai ya je ya duba ko ana kula da wuraren yadda ya kamata. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgi zuwa Kayseri ko Nebshehir, daga nan sai mota.

Masu harkar yawon buɗe ido a can sun raba yawon yini ɗaya launi-launi, akwai ja akwai kore. Ja na kusa da gari ne, kore kuwa kudu yake nufa, ya fi nisa, ya fi wahala. Alhaji bai tambayi me ake gani a kowanne ba. Tambaya ɗaya ya yi: wanne ya fi tsada? Da aka ce masa kuma ƙaramar tawaga ce, mutum goma sha wani abu a 'yar ƙaramar bas, ba irin dogayen motocin da ake lodin talakawan Turai a ciki ba, sai ya gyara zaman hularsa ya ce a rubuta mutum biyu. Kuɗin ya haɗa da mota da jagora da tikitin shiga da abincin rana. Ku riƙe wannan batu na an riga an biya, domin shi zai riƙa tura Alhaji gaba har faɗuwar rana.

Jagorar 'yar budurwa ce, ba ta kai sa'ar 'yarsa ta uku ba. Ta ɗaga lema sama ta ce minti goma sha biyar, kowa ya dawo mota. Mutumin da ko ɗaurin auren 'yar cikinsa sai an shafa fatiha yake isowa, wanda direbansa ke kwana a zaune da mota a kunne, shi ne a minti na goma sha biyu ya riga ya zauna a kujerarsa har ya ɗaura bel. Har da hararar wani saurayi ɗan Italiya da ya makara da minti biyu, yana cewa Hajiya, "Kin gani ko? Rashin tarbiyya."

A tsayawar farko, bisa wani tudu da ake hango kwarin Goreme, jagora ta yi iya bakin ƙoƙarinta. Ta nuna dutsen Erjiyes mai tsayin mita 3,917 da ƙanƙara a kansa, ta ce shi da dutsen Hasan da wasunsu tsoffin duwatsu masu aman wuta ne. Shekaru miliyoyi da suka wuce tokar aman wuta ta lulluɓe yankin, ta daskare ta zama dutse mai laushi da ake iya sassaƙawa da ƙaramin ƙarfe. Ruwa da iska suka yi ta cin mai laushin, inda kuwa akwai dutse mai tauri a sama sai ya kare na ƙarƙashinsa, shi ya sa ake ganin su tsaye-tsaye kamar rumbuna da hulunansu. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Bayani ne mai kyau, kuma mutum biyu ne suka saurare shi: wata tsohuwa 'yar Japan mai rubutu a littafi, da direba, wanda ya haddace shi tuntuni. Sauran duk sun ba wa abin da suka zo gani baya, sun ɗaga waya. Da ta ce ko akwai mai tambaya, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Wannan filin duka na gwamnati ne, ko ana yanka fuloti?"

Amma Derinkuyu ce ta raba gardama. Gari ne guda a ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa amma zuwa ƙasa, zurfinsa ya kai kusan mita 85, kuma an ƙiyasta zai iya ɓoye mutum 20,000 da dabbobinsu da abincinsu. Akwai turken dabbobi, da rumbunan ajiya, da wurin matse inabi, da ɗakin karatu, da majami'a, da wata doguwar rijiya da ke shigo da iska. Ƙofofinsa fayafayan dutse ne masu nauyin ɗaruruwan kilo, ana mirgino su daga ciki a toshe hanya, na waje ya yi ta bugu. Kiristocin zamanin Rumawa sun riƙa fakewa a ciki lokacin yaƙe-yaƙe, aka ci gaba da amfani da shi jefi-jefi har zuwa musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka a 1923, sannan aka manta da shi. A 1963 wani magidanci yana gyaran gidansa ya fasa bango, sai ya ga ɗaki, bayan ɗakin kuma hanya, hanyar kuma ba ta da niyyar ƙarewa.

Nan kam Alhaji ya saurara da kunne biyu, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne wautar magidancin da ya je ya faɗa wa hukuma. Ni ma na yi tunanin abin. Da a wajenmu ne, abu uku ne zai faru, kuma a jere. Da farko a toshe ramin da bulo cikin dare, a kira malam ya yi hayaƙi. Bayan mako biyu, in ba a ji motsin komai ba, a buɗe a ja wayar wuta a shafa fenti, a zuba 'yan haya, hawa na takwas ya fi araha saboda babu sabis. Daga nan sai 'yan uba su ji labari, a tafi kotu rabon gado, a shekara ashirin ana jayayya kan ko ƙarƙashin gida yana cikin gida.

Kafin a shiga, jagora ta yi gargaɗi: mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai hawan jini, da wanda ƙunci ke firgita shi, ya zauna a waje ya sha shayi. Alhaji yana da uku daga cikin huɗun, na huɗun ma bai taɓa gwadawa ba ne. Hajiya ta dube shi. Shi kuma ya dubi tsohuwar nan 'yar Japan da ta riga ta sa kai, ya tuna an riga an biya, ya yi bisimilla.

Mutanen da suka haƙa hanyoyin nan da gangan suka matse su, suka kuma rage musu tsayi, don maƙiyi ya shigo ɗaya bayan ɗaya kuma a duƙe. Ba su san shekaru ɗaruruwa gaba dabarar za ta kama wani attajiri mai shadda sabuwa kar da zanna bukar ba. Hular ce ta fara gaisawa da rufi. Aka cire ta aka soke a hammata. Sai babbar riga ta shiga sharar bango hagu da dama, aka tattare ta aka ɗora a kafaɗa. Sannan aka duƙa. Rabon Alhaji da irin wannan rusunawa tun ranar da ya je gaida surukai neman aure, ko a lokacin ma bai daɗe haka ba. Gaba mutum, baya mutum, babu juyawa, babu "ka san ko ni wane ne".

"Alhaji, a ɗan matsa gaba mana."

"In matsa ina, Hajiya? Bature ne a gabana, kuma hoto yake ɗauka."

Da aka fito sarari yana haki, gwiwoyin wandonsa sun yi fari fat da ƙura, abin da ya fara cewa shi ne ai ba wani zurfi, an dai zuzuta ne.

Daga nan sai kwazazzabon Ihlara, inda kogin Melendiz ya yanka dutse ya yi rami mai tsawon kilomita 14 da zurfin kusan mita 100. Ana sauka da matakala kusan 400. Mutumin nan a Kano aka haife shi, kullum yana wuce Dala a mota da gilashi a rufe, matakalarta ba su kai rabin waɗannan ba, kuma bai taɓa hawa ba domin a cewarsa aikin yara ne da marasa aikin yi. Yau ga shi yana ƙirga matakalar mutane da takalmin fata mai santsi, Hajiya na biye da takalmi mai tsini da jakar da ta fi ta 'yan makaranta nauyi. A ƙasa akwai tafiyar kilomita uku zuwa huɗu a gefen ruwa, da majami'u da aka sassaƙa a jikin dutse, da zane-zanen da suka shekara kusan dubu. Ya ɗan tsaya a ƙofar ta farko yana shawara da zuciyarsa, ya tambaya ko shiga nan yana cikin kuɗin. Aka ce yana ciki. Ya shiga.

A ƙauyen Belisirma ake cin abincin rana a bakin kogi: miya, da burodi, da kifi ko kaza. Nan ne asirin jakar Hajiya ya tonu. Robar yaji ta fito, ta zaga teburin, ɗan Italiya ya ɗiba da yawa don nuna jarumta, aka ƙara wa shirin minti goma da ba ya cikin jadawali.

A Selime, inda aka sassaƙa wurin zaman masu ibada guda a jikin tsauni, wani a cikin tawagar ya ce nan aka ɗauki fim ɗin Star Wars. Ba a nan aka ɗauka ba, hamadar fim ɗin a Tunisiya take, amma labarin ya riga ya kama wurin. Alhaji bai taɓa ganin fim ɗin ba, kuma zai maimaita zancen a majalisa har ƙarshen rayuwarsa. A kwarin tattabaru ne kaɗai na ga idonsa ya yi haske da gaske, da aka nuna masa ramukan da manoma suka sassaƙa wa tsuntsayen don su tara kashinsu su kai gona taki. Ya yi kiwon tattabaru yana yaro, ya fi jagorar sanin zancen, har ya fara yi mata bayani, ta ɗaga lema.

Tsayawar ƙarshe ba ta cikin tarihi, amma ita ce ba a taɓa tsallakewa: shago. A ce za a nuna muku yadda ake sassaƙa dutsen ado, a zaunar da ku, a kawo shayin tuffa kyauta, a tura ƙofa. Nan minti goma sha biyar ba ta aiki, lema ma an naɗe ta. Alhaji ya ji ya dawo gida. Aka ce ɗari, ya ce talatin, ya miƙe kamar zai fita, aka riƙo hannunsa, aka ce albarka, aka daidaita a sittin. Ya fito yana ba wa ɗan Italiya darasin ciniki, jagora kuma ta koma ciki wai ta manta wani abu. Mutumin da ya shekara talatin yana ba 'yan kamasho la'ada a Kantin Kwari bai ga komai ba.

Balan-balan ɗin da aka zo dominsa kuwa, da asuba ake tashi, kuma sai hukuma ta duba iska ta ba da izini. Washegari iska ta kaɗa, aka soke. Hajiya ta hau soron otel ta zauna kan darduma, aka ɗauke ta da sama fayau a bayanta, ta tura wa ɗanta a gida. Kafin su isa filin jirgi yaron ya dasa mata balan-balan goma sha biyu, ta ce ya ƙara uku, domin ta ƙirga na matar maƙwabci sha huɗu ne.