Wa Gare Ka a Can?

A ƙasar Ƙaraye da Rogo tafiya ba ta halatta sai da hujja. Hujjojin kuwa kowa ya haddace su tun yana goye: biki, suna, ta'aziyya, dubiya, cin kasuwa, sai ci-rani in an gama girbi. Ka ambaci ɗaya daga ciki, a yi maka addu'ar sauka lafiya, a haɗa ka da ƙullin daddawa ka kai wa wata goggo da ba ka taɓa gani ba. Amma ka kuskura ka ce wa dattijo a majalisa za ka kwashi iyalinka ku je kallon dutse, sai ya mayar da goron da yake shirin ɓarawa aljihu, ya dube ka sama da ƙasa.

"Wa gare ka a can?"

"Ba kowa, Baba. Dutsen kawai za mu gani."

"Rasuwa aka yi a gindinsa?"

"A'a."

"To me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Yana nan dai a tsaye."

"Allah ya sawwaƙe. Ka gai da mutanen gida."

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Wasu su ce kuɗi ne suka yi maka yawa, wasu su ce boka ne ya umarce ka da kai baƙin bunsuru kan tsauni. Masu kyautata zato su ce takarar kansila za ka fito.

Laifin duk na wayar hannu ne. Yara sun buɗe TikTok da Facebook, sun ga Turawa da jaka a baya suna haki a kan tsaunuka, miji da mata da 'ya'ya har da kare, sun biya kuɗinsu don su sha irin wahalar da kakanninmu suka yi ta roƙon Allah ya raba su da ita. Daga nan aka fara: "Abba, mu ma a kai mu hutu." Shi kuwa Abban, hutunsa na ƙarshe a duniya shi ne jinyar kaciya. Amma da yake maƙwabcinsa ya kai iyalinsa wani wuri bara, har an ga hotuna, sai ya gyara murya ya ce za a duba.

A kowane gida akwai ɗan jami'a, kuma shi ne masanin wannan fanni. Ya zauna a tsakar gida yana karanto wa jama'a daga waya: gandun dajin Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Nijeriya, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A can ne tsaunin Chappal Waddi yake, kan iyaka da Kamaru, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan, kuma sai an yi tafiyar ƙasa mai tsawo kafin a taka ƙololuwarsa. Maigida ya saurara da kyau, sannan ya yi tambayar da ta dace: "In an hau can sama, me ake sayarwa?" Aka ce babu komai. Ya ɗauko biro ya juya bayan kwalin sukari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu tsaunin da ke tsira daga wannan biro. Kafin a kira isha'i Gashaka ta fita daga lissafi.

Aka sauko Yankari ta Bauci, wadda aka buɗe wa masu ziyara tun 1962, mai giwaye da ruwan Wikki da ɗuminsa ba ya wuce digiri 31 rani da damina. Uwargida ta ji an ce biran wurin suna fizge abinci daga hannun baƙi, ta ce ba da kularta ba. Aka matso dajin Falgore da ke kan hanyar Jos, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin sabbin gandayen daji goma na ƙasa a ƙarshen 2020. Sai dai sunan kaɗai ya isa ya kashe hira, don mutane ba su manta shekarun ɓarayin shanu da masu tare hanya ba, har sai da sojoji suka mai da wurin filin atisaye. Nan Hajiya Babba ta tsoma baki daga kan dadduma: in dai Falgore ake so, ai ga Falgoren Rogo nan kusa, kuma 'yar ƙanwarta ta haihu a can ba a je barka ba. Saura ƙiris ta yi nasara, don ita kaɗai ce ta zo da hujja.

A ƙarshe dai, bayan an zagaye Nijeriya a kan kwalin sukari, aka yanke shawara a je dam.

To, a nan ne nake jin kunyar mutanenmu. Dam ɗin Challawa yana cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, an kammala shi a 1992. Bangonsa ya kusa kilomita 8 a tsawo, tashinsa mita 42, kuma in ya cika yana riƙe ruwa kyubik mita miliyan 900 da ɗoriya. Ruwan nan ne ke gangarawa ya shayar da birnin Kano, ya wuce har ƙasar Haɗeja. Ka tsaya a bakinsa da yamma, ido ba ya kai wa ɗaya gaɓar sai da ƙyar. Da a wata ƙasa yake, da an kewaye shi an sa mai tikiti a ƙofa. Amma akwai magidanta da aka haifa a Ƙaraye, suka yi aure, suka aurar, ba su taɓa zuwa don kallo ba, sai dai sayen kifi, shi ma in ya yi tsada a kasuwa. 'Yan bautar ƙasa da ake kawowa sansanin Kusalla daga Inugu da Kalaba da Ibadan, a mako uku da suke yi sun fi ɗan gari yawan hoton ƙasar Ƙaraye. Shi ɗan gari, in Sallah ta zo, sai ya cika mota da yara ya bi ta Kabo da Janguza har Gidan Zoo na Kano, ya yi layi cikin rana, ya biya kuɗi, don ya ga kura tana barci. Gidan da a 2019 aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan kusan bakwai na cinikin Sallah, har gwamnan lokacin ya fito ya ce ai babu ma irin wannan biri a gidan. Ka ga ke nan ko dabbar da babu ita ta fi ruwan da muke da shi farin jini.

Ranar tafiya aka sa ta bayan sallar asuba. Wannan magana ce kawai ta fatar baki, kowa ya sani. An tsara mutum goma, amma tun jajibiri labari ya fita. Ƙanwar maigida ta iso da 'ya'yanta huɗu, ta ce ita ba zuwa za ta yi ba, rakiya ce. Maƙwabciya ta aiko da nata biyu, wanke da kwalli, ba tare da ko sallama ba, don ta san babu mai iya kora su. Amarya ta kawo shawarar a yi anko. Aka yi. Mutum goma sha bakwai cikin atamfa iri ɗaya za su je gaban ruwan da bai san ana yi ba.

Uwargida kuwa tun ƙarfe uku na dare take tsaye a madafa. Dafa-duka kula biyu, dambu kula ɗaya, soyayyen nama a langa an ɗaure da ɗankwali saboda 'yan hannu, zoɓo da kunun aya a jarka, ga tabarmi, ga butoci, ga tsintsiya, don ba a san halin da za a tarar da dajin ba. Ana kiran abin hutun iyali, amma ban taɓa ganin ranar da aikin mace ke ninkuwa irin wannan rana ba. Duk da haka ita ce ta fi kowa ɗoki, kuma ina bayanta. Matar da shekara take zagayowa ba ta ga sararin sama ba sai iya faɗin tsakar gida, in ta ce a kai ta ta ga ruwa, ba ta roƙi abin da ya fi ƙarfin kowa ba.

Aka tashi bayan azahar. Motar mai cin mutum bakwai ta ci goma sha bakwai, ɗan autan yana kan kular dambu. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta ci biyu, domin ba a wuce ƙofar gidan Kawu ba a tsaya ba, kuma ba a tsayawa a ƙi shan fura.

Da aka isa, abin da aka fara yi shi ne neman inuwa. Aka samu, aka share, aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zauna ya ba ruwan baya. Ba da gangan ba ne, kuloli ne suke ta ɗaya ɓangaren. Aka ci, aka sha, aka yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Yara suka zabura za su gangara, Goggo ta daka tsawa: "Kai, ku dawo nan! Ruwan nan da masu shi." Ta kawo tarihin 'yan ruwa tun daga kakarta, ta tofa wa kowa addu'a a ka. Ɗan jami'a ya yi dariya ya ce camfi ne, amma na lura shi ma bai matsa kusa ba. Kuma in za a bi gaskiya, Goggo ta fi shi amfani a wurin: dam ba kududdufi ba ne, babu mai gadin gaɓa, babu rigar ruwa, tsoron aljanin nan shi kaɗai ne matakin tsaro da aka tanada.

Maigida ne kawai ya tashi ya fuskanci ruwan, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Ka ce tunanin ikon Allah yake yi. Da ya buɗe baki sai ya ce: "Wannan da mutum zai samu kadada biyu a bakinsa da injin ban-ruwa, tumatir da albasa kaɗai sun ishe shi." Haka idon namu yake. Mu ga tsauni, mu lissafa tifa nawa ta dutse za ta fita. Mu ga kurmi, mu ga buhunan gawayi. Tsuntsu mai kyan launi ya gifta, yaro ya tambayi sunansa, uban ya ce bai sani ba amma yana da daɗi a miya. Ba na zargin kowa, wanda ya sha yunwar bazara ba ya kallon duniya da idon mai zane. Wani tsoho da ke gyaran koma a gefe ya ji maganar kadada, ya nuna tsakiyar ruwan da haɓa ya ce, "Alhaji, tamu gonar tana can ƙasa." Maigida ya ce Allah sarki, ya taya kifi.

Sai aka zo ga ainihin abin da ya kawo mutane, wato hoto. A nan ne ruwan ya samu aiki, ya zama bango. Aka jera, aka sake jerawa, aka ce Hajiya Babba ta yi murmushi ta ce ita ba 'yar fim ba ce. 'Yan mata suka karkace baki suna hoton ɗauki-da-kanka. Ɗan jami'a ya hau wani ɗan dutse da akuya ke hawa ba ta lura ba, ya buɗe hannuwa kamar shaho a bakin mahauta, aka ɗauke shi daga ƙasa don dutsen ya yi tsawo. Kafin magariba hoton yana WhatsApp, an rubuta a ƙasa cewa ana hutawa a wani wuri, ba a faɗi sunan wurin ba, don masu kallo su zaci Kenya ce. Masunta da masu noman rani suna gefe suna kallon ikon Allah: ga mutane sun ƙona mai sun zo ganin abin da su suke addu'ar 'ya'yansu su yi karatu su rabu da shi.

'Yan birni sun fi mu iya wannan wasa. Su iso daga Kano da gilashi a ido, su shaƙi iska su ce, "Kai, ƙauye akwai ni'ima, ku kam kuna hutawa." Mai masaukin da ya kwana yana ban-ruwa ya ce alhamdu lillahi, ya je ya yanka zakaran da yake tattali. Da yamma a cika musu but da rake da masara da ƙwan zabi. Su suka yi hutun, shi ya biya. Abin da suke bar masa shi ne ledoji da robobin lemo a bakin ruwa, sai alkawarin za a nema wa yaronsa aiki.

Hukuma ma ba ta taimaka wa mai son koyon hutu ba. Zamanin Audu Bako an gina otal a bakin tafkin Bagauda don mutane su je su sarara, yau wurin makarantar horar da lauyoyi ce, inda babu mai rintsawa saboda jarrabawa. A bakin namu ruwan kuwa, mace ta nemi wurin kama ruwa sai an kewaye ta da zannuwa.

An dawo gida bayan isha'i, kowa ya gaji liƙis, an bar murfin kula guda a daji, an dawo da takalmin yaro wari ɗaya. Maƙwabta suka shigo sannu da zuwa da neman tsaraba, aka raba musu tarwaɗar da maigida ya saya da tsadar da ta fi ta kasuwar Ƙaraye, saboda masuncin ya gan shi da anko. Washegari rigima ta tashi. Uwargida ta karɓi wayar ɗan jami'a ta ƙirga: amarya ta fito a hoto goma sha ɗaya, ita a biyu, kuma a ɗaya daga cikin biyun bayanta ne, tana zuba dambu. Maigida ya ce shi ba shi ya ɗauka ba. Ɗan jami'a ya ce matsalar haske ce. An kai ƙara gaban Hajiya Babba, ta saurari kowane ɓangare, ta nemi a nuna mata hotunan, ta ga nata bai yi kyau ba, ta ba da umarni a goge duka. An ɗage sauran shari'ar sai bayan girbi.