Mu da Hayaƙinmu

A unguwarmu, da an ɗauke wuta bayan magariba sai ka ji kowane gida ana jan igiyar janareta. Wani ya ja sau ɗaya ta tashi, wani sai ya cire fulogi ya goga a gefen riga, ya hura, ya yi bisimilla. Kafin isha'i layin ya cika da ƙara, ga shuɗin hayaƙi yana yawo tsakanin katanga da katanga, mu kuwa muna kan benci muna hira a cikinsa, har muna yaba wa wanda injinsa ya fi ƙarfi.

Ƙaramar janaretar nan da kowa ke saya, sai an zuba mata baƙin mai a cikin fetur take aiki. Mu kuma ba ma awo. Murfin gora ɗaya ne, biyu ne, ya danganta da hannun yaron da aka aika. Wai gara ya yi yawa kada inji ya buga. To wannan shuɗin hayaƙin man da bai ƙone ba ne, mun saya da kuɗinmu mun watsa wa maƙwabta.

Akwai wani malamin kimiyya na sakandare da ke zama da mu, shi ne mai ɓata mana hira. Ranar nan direban adaidaita sahu ya zo yana sababi, wai 'yan bumburutu sun haɗa masa fetur da ruwa, don ya ga ruwa na ɗiga daga salansa da safe.

"Ba su cuce ka ba, Direba," in ji malamin. "Injinka ne ya yi ruwan."

"Haba Malam, wuta ce za ta haifi ruwa?"

Ashe haka ne. Fetur da gas da kananzir duk dangi ɗaya ne, kabon ne da haidurojin a haɗe. In wuta ta samu isasshiyar iska, haidurojin ya haɗu da oksijin ya zama tururi, shi ne ke ɗiga in salansa na da sanyi. Kabon kuma ya zama iskar kabon dayoksaid. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne lissafin: litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba a sikeli, amma in ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na wannan iska, domin nauyin oksijin ɗin da ta kwaso ya hau kai. Kilo ɗaya na fetur kuwa yana neman iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone tas.

Nan ne namu halin ya shigo, don mu ba ma ba wuta iska. Saboda ɓarayi, janareta a zaure take kwana, ko a ƙarƙashin bene, an ɗaure ta da sarƙa an ja ƙofa. In ruwan sama ya sauko a ƙara turo ta ciki. Wutar da ta rasa isasshiyar iska kuwa ba ta fasa ci, sai dai ta canja abin da take fitarwa: kunkunniya da iskar kabon monoksaid. Kunkunniya ana ganinta, ita ce ke baƙanta bango da hanci. Ɗayar ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ce zazzaɓi ne zai kama shi, ya kwanta. Gida nawa aka fasa ƙofa da safe aka tarar da iyali gaba ɗaya ba rai, aka ce aljanu ne ko guba a tuwo?

Matanmu sun riga mu sanin rabin karatun nan. Kowace ta san in risho ya ba da shuɗiyar wuta lafiya lau, in ya koma ja sai gindin tukunya ya yi baƙi, a gyara lagwani. Amma ita ɗin ce da sanyin hunturu za ta shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego, ta toshe taga da tsumma kada iska ta taɓa jariri. Ka ce a buɗe, Inna ta ce, "Haka aka yi maka, ga ka nan ka girma."

Sauran ba a magana. Babbakar kan sa da tsohuwar taya, bola da leda a cinna mata wuta da yamma, tirela a gosulo tana tuttulo baƙin hayaƙi a fuskar mai tallan awara. A 2013 da aka hana acaɓa a Kano mun ce gari zai sarara, sai adaidaita sahu ta cike gurbin. In hazo ya sauka kuma ya danne komai ƙasa, yara su yi ta tari, mu ɗora wa sanyi laifi.

Abin da wa'azin Malam bai yi ba, tsada ta yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙarfe goma na yi rabin layin ya yi tsit, masu hali sun ɗora sola a kan kwano. Alhajin kan kwana ne kaɗai ke kwana da inji, kuma bakin salansarsa tagar ɗakin Malam yake kallo.