Wane Mawaƙi Ka Fi Gani Ido da Ido?

Mu dai a unguwar nan ba mu iya hirar mawaƙa cikin ruwan sanyi ba. Da zarar an idar da sallar isha'i an baje a bencin mai shayi, wani ya jefo zancen wane mawaƙi ka fi gani da idonka, to shayi sai ya huce a kofi ba a sha ba. Kuma sharaɗin a fili yake: ba a maganar wanda ka ji a rediyo, ko wanda ka cika wayarka da waƙoƙinsa. Wanda ka tsaya a gabansa ake nufi, ƙurar fili ta bule ka, kiɗan ya daki ƙirjinka. Gani ya kori ji.

Dattawanmu ba sa bari a rufe baki, sai ka ji sun ce Shata. Ba cika baki suke yi ba. Alhaji Mamman Shata ba mawaƙin zama wuri ɗaya ba ne. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, kuma tsakanin nan ya shafe sama da shekara 50 yana bin gari gari da makaɗansa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da mata, ya ƙetara Nijar da Gana. Duk wanda ya yi samartakarsa a Funtuwa ko Katsina ko Kano ko Zariya a wancan zamani, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wasan Shata ba. Har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma dattawan bencinmu ba ta nan suke auna shi ba. Da abin da suka gani a fili suke auna shi.

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ke zama da mu, shi ne gwanin ba da labarin. Ya ce kalangai ne ke fara ɗumama wuri, kowane makaɗi ya rungumi nasa a hammata yana matse tsarkiya yana saki, murya na hawa tana sauka, 'yan amshi sun jeru suna jira. Sai Shata ya miƙe, ya kewaya da ido cikin taro, ya hango wani a can gefe, nan take ya ɗora shi a waƙa, da sunansa da na ubansa da garinsu da sana'arsa. Wani yaro ya ce masa, "Baba, ai mu ma muna da Bakandamiya a waya." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, ta rana ɗaya kuke da ita. Wadda ya yi jiya ba ita zai yi gobe ba." Ni kuwa ina ganin a nan ne sirrin yake. Abin da ke sa mutum ya koma kallon mawaƙi sau da sau shi ne sanin cewa yau zai ji abin da ba a taɓa yi ba, kuma watakila shi ma a ambaci sunansa.

Ba kowane babban mawaƙi ne aka samu ganinsa haka ba. Ibrahim Narambaɗa, duk da zurfin Hausarsa, mawaƙin fada ne, yana Isa wajen ubangidansa Sarkin Gobir, kuma akasarin masu haddace waƙoƙinsa a rediyon Kaduna suka san shi. Musa Ɗanƙwairo ya fi shi yawo, domin bayan sarakuna ya yi wa attajirai da 'yan siyasa kafin rasuwarsa a 1991, don haka masu cewa sun ga kotsonsa ba su da wuyar samu. Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, shi ne mai sauƙin kaya: ba ayari, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya. Ma'aikatan gwamnati na da sun sha ganinsa, domin da wuya a yi babban taro a Arewa ba a gayyato shi ba.

In ka shiga cikin gida kuma, lissafin daban ne, kuma mu maza mun cika mantawa da shi. Tambayi iyayenmu mata, za su ce maka Barmani Choge, ko Uwaliya Mai Amada, ko wata mai amadar da sunanta bai wuce garinsu ba. Su ba fili suke zuwa ba, tsakar gida ake kawo musu. Ranar wunin biki ko suna, a shimfiɗa tabarmi, a cika babban masaki da ruwa a kifa ƙwarya a kai, a jera wasu ƙoren a gefe, masu kiɗa su zauna da 'yan sandunansu. Ƙwaryar cikin ruwa ita ke ba da amo mai kauri, sauran suna yi mata rakiya. Uwar biki ta ɗaure gyale a ƙugu ta fito, ƙawaye su rufa mata baya, mai guɗa ta rangaɗa, kuɗi na sauka a goshin mai waƙa. A nan ake habaicin kishiya, a nan ake zuga mace ta tashi ta kama sana'a. Barmani ta rasu a 2013, amma har yau in aka ambace ta a gaban wata goggonmu sai ta ajiye abin da ke hannunta. Matan yanzu kuma Ado Gwanja za su ambata maka, domin shi ya gaji wannan fage na bikin mata.

Samarin bencin namu ba sa yarda a bar su a baya. Su lissafinsu na galar sallah ne da wasannin da ake shiryawa a filayen wasa da ɗakunan taro. Wannan ya ce Nura M. Inuwa, wancan ya ce Umar M. Shareef, wani ya ce Ali Jita ko Hamisu Breaker ko Naziru Sarkin Waƙa. Masu bin taron siyasa kuwa ba su da na biyun Rarara, domin lokacin kamfe ko ba ka neme shi ba zai same ka. Daga nan ne musu ke tashi. Dattawa su ce, yaro ya hau dandamali an kunna masa waƙar da ya riga ya yi a situdiyo yana bin ta da baki, wannan shi ne kallon mawaƙi? Samari su ce ai ganin fuskarsa ma wani abu ne, kuma sun biya kuɗin ƙofa da guminsu.

A wannan musun ina bayan dattawa, amma ba ɗari bisa ɗari ba. Yaran nan suna da murya, suna da fasaha, wasunsu in ka zauna ka saurari baitocinsu za ka san sun sha Hausa. Aminu Ala ma ai ya nuna ana iya haɗa kayan zamani da waƙa mai nauyi. Abin da nake ƙi shi ne mamin, wato bin waƙa da baki. Wanda ya bar gidansa ya zo ya tsaya cikin cunkoso ya cancanci ya ji muryarka ta yau, ko da ta shaƙe, ko da ka manta baiti ka ƙirƙiro wani nan take. In dai abin da ke wayarsa za ka maimaita masa, me zai sa ya dawo baɗi?

To amma akwai abin da duk ba mu faɗa, manya da yara, kuma shi ne ya fi damuna. In gaskiya za a bi, mawaƙin da kowannenmu ya fi gani ba Shata ba ne, ba kuma wani tauraron Kannywood ba ne. Mai kalangun nan ne da ke tsayawa a rumfar mahauta ranar kasuwa yana kiɗa wa Sarkin Fawa takensa. Shi ne dai za ka gani a bikin ƙanwarka, shi ne a sunan ɗan maƙwabcinka, shi ne ranar sallah yana bin ƙofa ƙofa da sanƙiransa. Mun gan shi tun muna goye, mun gan shi furfura ta fito masa, amma in ana lissafin mawaƙa ba mai tunawa da shi. Wasunmu ko sunansa na yanka ba su sani ba, sai dai a ce makaɗi. Bokan gida ba ya ci.

Haka abin yake ta kowace fuska. Mai zuwa gidan dambe zai ce maka yana son Ɗan'anace saboda waƙar Shago, amma wanda ya fi gani shi ne makaɗin da ke zuga 'yan damben garinsu kowace kaka, wanda in ya saki taken wani sai ka ga ƙato ya zabura yana kyarma yana kirari. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa haka suke da makaɗan filin kokawa. Wanda gidansu ke kusa da fada ya tashi da jin tambari da kakaki da algaita duk daren Juma'a, ga kuma hawan sallah. Manomi ya san mai gangar noma da ke bin bayan 'yan gayya kunya kunya. Mutanen zawiyya kuwa za su ce maka su sha'irai suka fi gani, domin watan Maulidi kusan kullum da inda ake zama, ga masu mandiri ranar Maukibin Ƙadiriyya a Kano. Akwai kuma waɗanda za su ce su ba ruwansu da kiɗa gaba ɗaya, mukan girmama ra'ayinsu mu matsa musu a benci, hira ta ci gaba.

Dalilin da ya sa muke mantawa da su kuwa shi ne, mu tun asali ba mu saba zuwa wajen mawaƙi ba, shi yake zuwa wajenmu. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Mai biki ya kira shi, kowa ya zo ya kalla, mai hali ya yi liƙi, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da abin da aka bayar, wanda ba shi da ko sisi ya tafa ya koma gida da nishaɗinsa. Kowace sana'a da kiɗanta, maƙera da dundufarsu, mahauta da kalangunsu, 'yan tauri da nasu. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ƙirga sau nawa ya ga makaɗin unguwarsu.

Yanzu kuwa a idonmu abin ke sulalewa. Biki ya koma ɗakin taro, an ɗauko dije da janareta da manyan lasifika, an biya shi dubban nairori. Tsohon makaɗi ya zo da kalangunsa ya tsaya a bakin ƙofa, masu gadi su hana shi shiga, sai in wani kawun amarya ya fito ya gan shi ya miƙa masa 'yar naira 500. 'Ya'yansa suna kallon wannan, wa zai ce musu su gaji sana'ar? Sun kama acaba, sun kama sayar da kati, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Alhali mutumin nan a kansa ne taken gidaje yake. Ya san kirarin kakanka, ya san wace zuri'a ce ta auri wace, ya san sarautar da ta taɓa zama a gidanku wadda ku kanku kun manta. Shata da Ɗanƙwairo sun samu an naɗi muryoyinsu, ɗalibai suna rubuta kundi a kansu a jami'o'i. Shi kuwa ranar da ya kwanta dama, duk abin da ke kansa ya tafi ke nan.

Don haka, 'yan'uwa, in bikin 'yarka ya tashi ka ɗauko dijenka, ba wanda ya hana ka. Amma ka aika a kira makaɗin unguwa tun da wuri, ka ware masa lokaci kafin a tada janareta, a ba shi kujera a ciki, a sallame shi da abin da zai kai gida ya yi cefane. Ku kuma samari masu manyan wayoyi, ku tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa, ku ce ya kaɗa muku taken gidanku, ku naɗa ku ajiye.