Nahawun Wanke Kai

Mushe a lakwal yakan ce plus-que-parfait lokaci ne na Faransanci da ke nuna aikin da ya auku kafin wani aikin da shi ma ya wuce. A cikin aji haka ne. Amma duk wanda ya taɓa bin sawun takardarsa a wani biro a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san ainihin aikin wannan lokaci shi ne wanke mai laifi. Da shi ake ɗaukar sakacin yau a tura shi baya har hawa biyu, inda hannun mai ƙorafi ba ya kaiwa. In ma'aikaci ya ce j'ai oublié, ya amsa cewa ya manta kuma mantuwar tana nan da ɗuminta. In ya gyara zaman tabarau ya ce j'avais oublié, mantuwar ta zama tarihi, kai da ka ta da maganar ne ma za ka ji kunya.

Haɗa shi ba wuya, shi ya sa ya yi kasuwa. A ɗauko ɗaya daga cikin mataimaka biyu, avoir ko être, a sa shi a imparfait, a jingina masa participe passé na aikatau: j'avais parlé, nous avions fini, elle était partie. Mafi yawan aikatau da avoir suke tafiya. Être kuwa ya riƙe 'yan tsiraru irin su aller, venir, partir, arriver, sortir da tomber, da kuma irin su se lever da se tromper. A lura da jerin nan da kyau, tafiya, fita, tashi, faɗuwa, kuskure. Kusan duk abin da ake bukata ke nan don bayyana dalilin da ya sa kujerar darakta take wayam da ƙarfe goma na safe: il était déjà sorti. Ƙari a kan haka, avais, avait da avaient rubutunsu ne ya bambanta, a kunne sautinsu ɗaya. Sai wakilin suna kaɗai ya rage ya tona wanda ya yi aikin, shi ma an samo maganinsa, wato on. On avait transmis le dossier, an riga an miƙa takardun. Wa ya miƙa, wa aka miƙa wa? Nahawu bai tilasta kowa ya faɗa ba.

Rashin adalcin yana wajen daidaita participe passé. Da être yana bin mai aikatawa, da avoir kuma yana bin abin da aikin ya faɗa wa in ya zo kafin aikatau: les lettres que j'avais envoyées. Ana danganta wannan ƙa'ida ga mawaƙin nan Clément Marot na ƙarni na 16, wanda ya kwaikwayo ta daga Italiyanci, kuma a 2018 wasu malamai biyu 'yan Beljiyam sun fito fili suna neman a soke ta don ɓata lokacin yara da take yi. Haruffan nan es na ƙarshen envoyées ba a furta su. Yarinya mai shirin BEPC, wadda ta kwana da Bescherelle a ƙarƙashin fitila, za ta rasa maki a shifta saboda haruffan da kunnenta bai ji ba. Babban mutum kuwa da baki yake yin nasa, ba mai jan biro da zai kama shi, ba a ma maganar cewa wasiƙun ba a taɓa aika su ba.

Masana za su ce an yi wa lokacin ƙazafi, ai ba a iya jera labari sai da shi, kuma yana da aikin ladabi. An yarda. Bafaranshe kan ce j'étais venu vous demander don ya sassauta roƙo. To amma a duba wa ya fi amfani da ladabin. Mai neman rance ne, yana tsaye a gabanka da ƙafafunsa biyu, yana ba ka labarin zuwansa kamar abin da ya faru bara, don in ka hana shi ya zama ba shi aka hana ba, wancan da ya zo ɗazu ne. Ranar biya kuma sai si ta shigo: si j'avais su, si le salaire était tombé. Ƙa'ida ta ce bayan wannan si plus-que-parfait ake sawa, kuma mai bashi da ba ya kuskuren cewa si j'aurais shi ne wanda ya fi daɗewa a sana'ar.

Wasu kuma za su ce maganar ta zo a makare, tunda a 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Turanci. Masu wannan fata sun manta cewa harshen aiki shi ne na biro, inda cutar take. Ko da an wayi gari kowace takarda da Hausa ake rubuta ta, Bahaushe bai jira Marot ba kafin ya mallaki "ai na riga na gaya masa", da "dā ma na so in kira ka", da uban gayyar, "an ce a dawo gobe". Bambancin kawai, uzurin Hausa kowa yana gane shi, har tsohuwa mai jiran fanshon mijinta tana iya mayar da martani. Na Faransanci kuwa sai ta nemo ɗan lakwal ya fassara mata, kafin ya gama tantance avoir ne ko être an rufe taga an tafi sallar azahar.