Injiniya da Duwatsun Damagaram

Ɗan yayata, wanda gida kaf ke kira Injiniya, a Grenoble ya yi karatu, garin da ke gindin duwatsun Alp na Faransa. Duk zamansa a can bai taɓa ɗaura katakon zamiya a kan ƙanƙara ba, wai ƙafafun da Allah ya ba shi biyu ne kuma babu na canji. Abin da ya koya shi ne al'adar marasa zamiya: da Maris ya kama, sanyi ya fara sauƙi, sai a saɓa jaka a bi ƙauyuka da duwatsu a ƙafa. Wannan al'ada ya ƙullo a jakarsa ya kawo mana Damagaram a Maris na 2025.

Ya zo da takarda bugaggiya, kowace rana da layinta, kowane layi da ƙarfe kaza. Duwatsun Birni, kasuwar Mirriya, tafkin Gidimuni, tsaunukan Muniyo da Kutus a ƙasar Gure, sannan Tarmit. Takardar ba ta san abu biyu ba. Maris a nan bakin bazara ne, zafi na neman digiri 40 kafin wata ya ƙare. Kuma a shekarar, kusan dukan watan azumi ne.

"Kawu, ai matafiyi yana da rangwame," in ji shi. Na ce haka ne, na ɗauki rawanina na bi shi, domin uwarsa ta ce kada in bar shi shi kaɗai.

Duwatsun Birni ya fara, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, don haka takarda ta ce. Manyan duwatsu ne mulmulallu da suka girmi ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye birnin da ita, gidaje sun jingina da su, awaki na hawa suna sauka. A kan irinsu Faransawa suka kafa barikinsu bayan sun ci garin a 1899, suka kuma riƙe shi babban birnin mulkinsu har 1926. Duk wannan Injiniya ya karanta, yana kuma karanta mini da ƙarfi. Sai ya dafa dutsen da tafin hannu. Ihun da ya yi ya fito da wata tsohuwa daga zaure, tana tambaya ko kunama ce. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Ɗan nan, mu a kansa muke shanya kuɓewa," ta koma ciki. Wasu yara da silifa suka haye har ƙoli suka sauko, suka tambaye shi ko su hau masa da hoton.

Mirriya ba nisa, ba ta kai kilomita 20 ba. Kasuwarta ranar Lahadi take ci. Takarda ta ce Litinin. Muka tarar da rumfuna wayam, da kukoki, da wani jaki da ya dube mu kamar mun zo bin bashi.

Sai hanyar Gure, kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram, a kan babban titin da ya nufi Diffa. A tasha Injiniya ya tambayi ɗan kamasho ƙarfe nawa mota za ta tashi. Aka ce yanzu-yanzu, mutum biyu ake jira. Ya duba agogo ya rubuta. Mutum biyun suka zo, aka ce saura biyu. Sai da la'asar ta gabato muka ɗaga, shi a tsakanin buhun albasa da wata dattijuwa mai carbi. Ya zaro gorar ruwansa mai tsada, wadda ke riƙe sanyi yini guda, ya buɗe murfi. Dattijuwar ba ta ce komai ba, kallonsa kawai ta yi, ita da ta haifi sa'ar uwarsa kuma bakinta a bushe. Ya mayar da murfin a hankali. Rangwamen matafiyi bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Gidimuni kam ta cancanci wahalar. Ana cikin rairayi da ƙaya sai ga kwari kore shar, dabino da lambuna kewaye da ruwa. A nan taya ta yi faci, a nan aka kira magariba, kuma a nan tsarin Injiniya ya mutu. Wani mai lambu ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo dabino da kunu da fura mai sanyin randa. Injiniya ya ciro kuɗi zai biya, mai lambu ya ɓata rai har sai da na ba da haƙuri a madadinsa. Takarda ta ba Gidimuni minti arba'in. Kwana muka yi.

A Gure ya hango tsaunukan daga nesa, ya fara maganar Tarmit, inda aka kafa gandun namun daji a 2012 saboda sauran dabbobin hamada da suka kusa ƙarewa. Direbanmu ya lissafa masa abin da ake bukata: mota mai ƙarfi, gangunan mai da na ruwa, ɗan jagora, takardar izini, da rakiyar masu tsaro. Injiniya ya dubi takalmansa na hawan dutse, waɗanda tun Mirriya ya rataya a wuya ya sayi silifa, ya ce a bar Tarmit tukuna.

Kutus ma ba a hau ba. An yi shirin fita bayan sahur, barci ya kwashe jagoran tafiyar, da ya farka rana ta riga ta hau kafin shi.

A hanyar komowa ya juya bayan takardar ya fara sabon lissafi. Ya ce ya gano bakin zaren, Disamba ya kamata a zo, lokacin sanyi.

"Sanyi kam akwai, Injiniya," in ji direba, yana kauce wa rami. "Sai dai in hazo ya sauka, dutsen ma sai ka yi karo da shi za ka san yana nan."