Kibiyar da ke Tafiya Ita Kaɗai

Mu nan Ƙauyen Alu, a da in kwamfuta ta yi gardama hanya ɗaya muka sani: a cusa ta a jaka, a tare ɗan sahu, sai kasuwar waya ta Farm Centre. Can za ka share wuni a kan benci kana jiran mai gyara ya sallami masu wayoyin da suka riga ka. Yanzu kuwa mun samu sabuwar dabara, ita ce ma ta cinye mana hira a teburin mai shayi daren jiya.

A shagon buga takardu na bakin layinmu abin ya faru. Mai shagon ya karɓi aikin katin ɗaurin aure, Juma'a ta ƙarato, firinta ta ce ba ta san zancen ba. Sai ya kira ɗan yayansa da ke aiki a Abuja. Yaron ya ce, "Kawu, buɗe AnyDesk ɗin da na sa maka da Sallah, karanto min lambobin da ke sama." Ya karanta, ya danna amincewa, ya naɗe hannu. Sai ga kibiyar linzami ta zabura ita kaɗai, ta haura kusurwa, ta buɗe wannan, ta rufe wancan, rubutu na fitowa babu yatsan kowa a kan maɓallai. Wani dattijo da ya shigo yin fotokwafin takardunsa na Asibitin Malam ya ja da baya, carbi a hannu.

"Subhanallahi! Wa ke taɓa ta?"

"Baba, yaronmu ne, daga Abuja."

Kafin shayin mai shagon ya huce firinta ta fara tofo kati.

Ba siddabaru ba ne. Manhajar tana ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfutarka ta tura wa na can ta intanet, shi kuma duk inda ya motsa linzaminsa sai ta motsa naka. Jamusawa ne suka yi fice a sana'ar: TeamViewer ta fito a 2005, AnyDesk ta biyo baya a 2014 daga Stuttgart, Google ma yana da tasa a cikin Chrome. Da yawanmu sai a kullen korona na 2020 muka fara jin sunayensu. Sharaɗinta wuta da data. In sabis ya yi rauni kibiyar daskarewa take yi, in kuwa batir ne ya mutu ko gilashi ya fashe, to Farm Centre na nan tana jiran ka.

Inda hirar ta yi zafi shi ne da mai POS na kusa da masallaci ya sa baki. Ya ce makon da ya wuce wani ya kira shi, murya a natse, wai daga banki, wai asusunsa ya samu matsala, wai ya sauke irin wannan manhaja a waya ya karanto masa lamba. Allah ya taimake shi ya kashe kiran. Nan majalisa ta yi tsit, don kowa ya san halinmu. Mu ne masu barin mabuɗin shago a hannun maƙwabci mu tafi jana'iza. Mu ne masu miƙa wa yaro katin ATM har da lambar sirri mu ce je ka ciro. Wannan yarda ina son ta, ita ta riƙe unguwar nan. Amma maƙwabci ka san ƙofar gidansu, ka san mahaifinsa. Wanda ka buɗe wa kwamfuta ko waya daga nesa, duk abin da idonka ke gani nasa ma na gani: saƙon banki, lambar da suke turowa don tabbatar da cire kuɗi, hotunan iyali, takardun mutanen da suka kawo maka aiki bisa amana.

Don haka 'yan unguwa, mu ci gaba da kiran yaranmu na Abuja da Legas su yi mana gyara, abu ne mai albarka. Sai dai lambobin nan kada a karanta wa muryar da ba a san mai ita ba. Ka zauna gaban allon har ya gama, in ya gama ka katse haɗin ka rufe manhajar. Duk wanda ya kira ka da sunan banki ya ce ka sauke wani abu, kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa reshen bankin.