Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Faifan Anime

Zuwa ga Mai Girma Faifan Blu-ray, Sarkin Ɗage Rana, Allah ya ja zamaninsa.

Mai Girma Faifai shi ne hanyar da masoya zane mai motsi na Japan, wato anime, suke mallakar fim a hannunsu a Amurka da Turai. Da yawansu sukan yi odarsa tun kafin a buga shi. Wannan takarda kokensu ce a kan ɗabi'arsa ta saɓa alkawari.

Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta fim na uku a sabon jerin Evangelion. An nuna shi a sinimomin Japan a Nuwamban 2012. Kamfanin Funimation na Amurka ya tsayar da Fabrairun 2014 don fitar da faifansa, sai Studio Khara, masu fim ɗin, suka nemi a sake duba fassarar Turanci da muryoyinta a ƙarƙashin kulawarsu. Mai Girma bai bayyana ba sai Fabrairun 2016, lokacin da jaririn da aka haifa ranar alkawari ya isa yaye.

Masu koke sun san dalilan jinkirin. Na farko, iyayen gijin Mai Girma suna da yawa. Galibi kwamitin kamfanoni masu zuba jari ne ke mallakar anime, kuma bango da fassara da 'yan ƙare-ƙaren cikin faifai duk sai sun je Japan an sa musu hannu.

Na biyu, tsoro ne. Japan da Amurka suna yanki ɗaya a tsarin Blu-ray, don haka faifan Amurka yana aiki a na'urar Tokyo. A Japan ana sayar da shiri kashi-kashi, faifai ɗaya da fitowa biyu ko uku, da tsadar gaske. A Amurka kuwa zango guda kan zo a kwali ɗaya da araha. Gudun kada Japanawa su riƙa saye daga waje, masu haƙƙi kan jinkirta na Amurka, ko su rage masa wani abu. A 2012 faifan Persona 4 na Sentai Filmworks ya fito babu muryoyin Japananci.

Na uku, ƙarancin ƙarfi. Ƙananan kamfanoni irin su Discotek Media da AnimEigo, masu farfaɗo da tsofaffin finafinai, sai sun nemo kwafin asali sun gyara shi, sannan su bi layi a 'yan masana'antun buga faifai da suka rage. Rigimar haƙƙin mallaka kuwa ta hana yawancin jerin Macross fita wajen Japan shekaru da dama, har sai da aka sanar da sulhu a Afrilun 2021.

Duk da haka jama'a ba su juya wa Mai Girma baya ba, kuma ba don kyan halinsa ba ne. Da aka rufe manhajar Funimation a Afrilun 2024, kwafin intanet da mutane suka ɗauka nasu ne ya tafi tare da ita. Faifan da ke kan kanta kuwa babu mai kashe shi daga nesa.

Buƙatun masu koke biyu ne. Kada a sanar da rana sai Japan ta sa hannu. Idan kuma ɗagewa ta zama dole, a faɗi dalili tare da sabuwar rana, domin kalmar "nan ba da daɗewa ba" babu ita a kalandar kowace ƙasa.

Daga talakawan Mai Girma, masu jira.